Amfilifayar da Ta Hau Bene a Kwando

Usta Fahim maƙwabcina ne a layinmu na unguwar Shubra, inda ake kiran gwanin sana'a Usta. Shi yana gyaran rediyo, ni ina guga, kuma mitar wutarmu ɗaya, wadda ita ce tushen duk faɗanmu. Tun ina saurayi ba a yi biki a layin nan ba sai da amfilifayarsa, na'urar ƙara ƙarfin sauti. Da hannunsa ya haɗa ta, da wani taransifoma a ciki mai nauyin dutsen niƙa. Shi yake saɓa ta a kafaɗa ya kai ta saman bene inda ake shagalin lalle, yana nishi yana cika baki.

Shekarar auren autarsa Rasha, bayansa ya ƙage. Likita ya hana shi ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. Dangin ango suka zo cikin ladabi suka ce za su ɗauko hayar kayan kiɗa. Ya ba su shayi yana murmushi, amma suna fita ya yi tagumi. Na tausaya masa ƙwarai, mutumin da ya yi wa 'yar kowa kiɗa, ga tasa ta zo. Na ce ni da mai burodi za mu ɗaukar masa. Ya ce ranar da wani ya ɗauki kayansa, ranar zai rufe shago.

Matarsa Ihsan tana zaune a hawa na biyar na benen da ke saman shagonsa, kuma da kwando take cefane. Ta zuro shi da igiya ta baranda, a saka mata burodi ko tumatir, ta ja. Wata safiya Fahim ya bi kwandon da kallo, ya ce a cikinsa amfilifaya za ta hau. Na ce masa ciwon ya bar baya ya koma kai.

Ya je kasuwar Bab al-Luk ya dawo da tarkace a leda. Wai zai cire tsohon taransifoman ya haɗa irin na cikin kwamfuta, mara nauyi, mai kunna wuta yana kashewa da saurin da ya fi ƙiftawar ido, wanda ɗan zobe da aka naɗe da waya ya ishe shi. Gwajin farko ya yi ƙara kamar an fasa kwalba, wuta ta ɗauke ina tsakiyar gugar rigar wani lauya.

"Usta, Allah ya shirye ka," na ce. "Injiniyancin tsufa a kaina zai ƙare?"

"Haƙuri, Shahata. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Daga nan ya riƙa sa ƙwan fitila a kan hanyar wutar. In ƙwan ya haska sosai, akwai matsala. In ya yi walƙiya ya dushe, aiki ya yi. Kullum nasa haskawa yake kamar gidan biki. Ashe naɗin zoben ne, yatsunsa sun yi kauri, waya tana hawa kan waya tana gogewa. Da ya gaji, ya jefa zoben da wayar a kwando, ya ɗaga murya ya faɗa wa Ihsan yadda yake so. Ita da ta tsufa tana saƙa, kafin azahar ta zuro masa shi a naɗe tsaf. Ya jona, ƙwan ya yi walƙiya ya dushe. Har shagona ya shigo ya sumbaci goshina, ni da ban yi komai ba sai zagi.

Ranar lalle bayan la'asar, duk layin muka fito muka ɗaga kai. Ya ajiye amfilifayar a kwando ya girgiza igiya. Ihsan ta ja kaɗan, ta tsaya, ta leƙo.

"Usta, ka manta ka saka ta ne? Kwandon nan ba komai a ciki."

"Ja dai, Ihsan, tana ciki," ya ce, yana dariya har da hawaye.

Kwando ya haye, matasa suka ƙarasa da ita saman bene suka jona lasifika, kiɗa ya cika layin. Fahim ya tsaya a gindin matakala bai san yadda zai yi da hannuwansa ba, don bai taɓa hawa wajen biki hannu rabbana ba. Sai ga Rasha ta sauko nemansa. Ta kama hannunsa, suka hau tare a hankali.