Gonar Malam Hamidu da ke ɗauke da sunana

Yau da safe, ina tsaye ina jiran ruwan Fatakwal ya ɗauke in buɗe rumfa, aka kira ni daga gida. Malam Hamidu na Dakko ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na san ku, mutanen Bakura da Mafara da ke bi na a shafin nan. Da kun ga sunana kusa da nasa za ku ce, "To, ɓarawon gona ya zo ta'aziyya." Ku faɗa. Shekara arba'in da ɗoriya kuna faɗa, ban mutu ba. Yau dai ku daure ku karanta har ƙarshe.

A zaurensa na yi karatun Larabci. Malam ba ya koyar da kalma sai ya tono ta har saiwa, kamar rogo.

Wata rana ya sa aka kawo masa dawon fura daga cikin gida, ya damƙe shi a tafin hannu.

Ya ce, "Mim, lam, kaf. Asalinsu riƙo ne da ƙarfi. Ko ƙullu Balarabe yac cuɗa har yak kamu, da su yakan faɗi. Wanda yar riƙe mutane, maliku, sarki ke nan, can munka samo mulki. Wanda yar riƙe kaya, maaliku, can munka samo mallaka. Wanda anka riƙe, mamluku, bawa."

Sai ya jefa dawon a baki, ya haɗiye, ya buɗe mana hannu. "To, ina riƙon?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, mala'ika hwa? Shi mi yar riƙe?"

"Ko tsinke. Wasu malamai sun ce gidansu guda da waɗancan. Ni ina bayan waɗanda sunka ce daga aluka yah hito, wato saƙo. Ɗan aike ne. Ba shi da ko akuya, shi ya sa ba ka taɓa ganinai gaban alƙali ba."

Wannan karatu Malam bai bar shi a zaure ba. Tun yana saurayi ya yi wa kansa alkawarin ba zai ce wani abu nasa ne ba. Sai dai ka ji, "rigar da ke jikina," "jakin da ke kwana gidan nan." Matarsa Inna Hajo takan ce, "Ni ma ai matar da ke kwana gidan nan ce, ni da jaki layinmu guda."

Bai taɓa ce wa kowa haramun ba ne. Shi ke raba wa mutane gado, ya ce wannan naka, wannan nata. Kansa kawai ya ɗaure.

Sai aikin dam ya zo, babbar madatsar ruwa ta noman rani.

Da yake na ɗan yi boko, aka ɗauke ni malamin rubutu a wurin masu awon gonaki. Za a baje ƙasa, a yanka hanyoyin ruwa, sannan a mayar wa kowa fili gwargwadon sunan da ke cikin fom. Sharaɗi ɗaya ne: mutum ya dangwala yatsa a ƙarƙashin layin da ya ce shi ne mai gonar. Fom ɗin da ba suna, ba fili.

Ranar da muka isa gonarsa, ni da wani abokin aikina ɗan Damaga muka sa ogan awo a tsakiya, kowa da littafi. Malam ya ɗago daga cikin gero ya dube mu.

"Ga mala'ikun dam sun iso, na dama da na hagu. Wane ne mai rubuta zunubi cikinku?"

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, oga yana duba agogo.

Na ce, "Malam, wa ad da gonag ga?"

"Allah."

"Mun sani, Malam. Bayan Shi hwa?"

"Sani, a zaure na nik koya maka akwai wani bayan Shi?"

Oga ya ce a tambaye shi wa ke noma ta. Ya ce shi ne. Oga ya ce to ya dangwala. Malam ya ce in karanta masa abin da ke rubuce tukuna. Da na karanta, sai ya naɗe babban yatsansa cikin sauran, ya cusa hannun a aljihu.

Na roƙi oga a canza layin ya zama "mai noma". Ya ce fom daga sama ya zo, ko shi ba ya taɓa shi. Na roƙi Malam. Ya ce, "Kai ɗan aike ne, ba ka da laihi. Ka koma ka ce ba ka iske mai ita ba."

Oga ya shiga mota ya tayar. Na dubi geron nan, na tuna bakunan da ke cinsa a gidan Inna Hajo. Na rubuta sunana, na dangwala.

Ba zan yi muku ƙarya ba. Don kada ta salwanta na yi. Amma kafin tawadar ta bushe a yatsana, sai da zuciyata ta ce, "Sani, ka yi gona." Wannan ma a rubuta, na hagu ya riga ya rubuta.

Aka baje ƙasa, aka sha wuya, mutane da yawa sun sha abin da ya fi nawa, ban manta ba. Da aka zo rabo, fili ya fito da sunana. Na nuna wa Malam, ya shiga da fartanya kamar jiya ya bar ta. Ko kara ban taɓa cira ba.

Amma gari ya riga ya yanke hukunci: Sani ya cinye gonar malaminsa. Malam ya sha faɗa musu yadda aka yi, suka ce kawaici ne irin na malamai. Mahaifin yarinyar da nake nema ya maido mini da goro. Na tattara na bar gida. Kaduna, Anaca, ga ni Fatakwal ina sayar da albasa a garin da rigarka ba ta bushewa.

Kaka ta farko da barina gida, wani direban motar albasa ya nemo ni da rabin buhun shinkafa da 'yar takarda da ajami: "Daga mamluku zuwa ga maliku. Ga kason mai gona."

Na ji kamar in haɗiye takardar don haushi.

Na mayar da buhun. Ya dawo da wata takardar: "Sarki ba ya maida gaisuwa."

Tun daga nan ba shekarar da ta wuce. Ko na tashi daga wani gari ban gaya wa kowa ba, sai buhun ya bi ni. Har yau ban san yadda tsohon nan ke samun adireshina ba. Matata ta daina tambaya, sai dai ta ce, "Harajinka ya iso, ranka ya daɗe."

Ganinmu na ƙarshe, babbar sallar bara waccan ce. Idonsa ya tafi. Na yi sallama, ya ce wane ne, na ce Sani.

"Ku shimfiɗa buzu, mai gona ya zo duba talakawa."

Na sa masa takardar filin a hannu. Na ce, "Malam, na gaji. Mu tai a gyara."

Ya shafa ta, ya miƙo mini. "Shekara arba'in kai ka ɗauki takarda, ni ina cin shinkahwa. Yanzu da nike bakin rami za ka aza min kaya?"

Abin da na daɗe ina haɗiyewa ya fito. Na ce, "Malam, kai ka tsira da alkawarinka. Ni da sunana da garina na saye maka shi."

Maganar na fita na ji kunyar kaina.

Sannan ya ce, "Gaskiya ka hwaɗi. Na riƙe kalma har na saki mutum. Wanga laihi nau ne, Sani. Nau ne ni kaɗai. Ka yahe min."

A iya sanina, abu ɗaya ke nan da Malam Hamidu ya taɓa cewa nasa ne.

Na yafe. Amma takarda fa bai karɓa ba, ku san halinsa. Cewa ya yi, "In na tahi, ka koma ɗan aikenka. Ka san inda saƙo za shi."

To ga saƙo, ku shaida. Filin nan ba nawa ba ne, bai taɓa zama nawa ba. Na magadan Malam ne. Gobe in Allah ya kai mu zan hau mota, mu je gaban alƙali ni da babban ɗansa Bashiru, a cire sunana. Wanda ya zage ni yana iya zuwa ya zauna a layin gaba, zan ajiye masa wuri.

Buhun bana ya iso makon jiya, ban ko kwance bakinsa ba. Da shi zan taho, a dafa a yi masa sadaka. Wannan karon ba mai maido mini da shi.

Ya Allah, Mai mulki, Mamallakin ranar sakamako, ga bawanka Hamidu ya zo hannu sake kamar yadda ya so. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa mala'ikun rahama ne suka tarbe shi.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce. Ni ba sai kun yi mini ba. Shi ku yi masa.