Ranar da Binta Ta Yi Sammako Ba Don Gawa Ba

Shekara takwas ke nan da rasuwar ƙanwata Hajiya Binta. A zamaninta, mace a lungunmu na Gwale takan yi shekara da ƙulli a mamanta, ko mijinta bai sani ba. Yau kuwa jikokinmu mata suna zancen zuwa gwaji asibiti a tsakar gida, suna tsintar shinkafa, kamar masu zancen ɗinkin sallah.

Fatauci ya kai ni Khartum da Jidda da Abijan, kuma ko'ina na tarar mutane suna kewaye sunan wannan cuta. Balarabe ya ce mugun ciwon nan, mai Faransanci ya ce doguwar jinya. Mu namu ya fi na kowa: sai an dawo daga maƙabarta a ce ai gajeruwar rashin lafiya ta yi.

Binta ta san ba gajeruwa ba ce, domin ita ke wanke gawar mata a unguwarmu. Sharaɗin aikin kuwa, abin da ido ya gani a bayan labule baki ba ya faɗa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ba ta taɓa kama sunan kowa ba. Sau ɗaya dai ta ce mini, "Yaya, mata suna tafiya da abin da suka rufe da zane, ni kuma ba ni da ikon magana."

Sai ciwon ya zo kanta. Aka yi mata aiki, aka ɗora ta a kan ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi da kashe ɗanɗanon baki. Tana tsakiyarsa ta ji a rediyo wata ƙungiyar mata za ta yi tattaki daga Ƙofar Mazugal don tallafa wa masu dajin mama. Na ce ta huta, zan aika da gudummawa da sunanta.

Ta ce, "Kai ka ba su aljihunka, ni ƙafata zan ba su. Sirrin matattu na riƙe, amma wannan nawa ne."

Likitarta ta amince, muddin za ta zauna in ta gaji. Rigar da suka raba ba ta yi mata ba, sai ta sa aka ɗinka mata hijabi ruwan hoda har ƙasa.

To, a lungunmu in an ga Binta da sassafe, an san an yi rashi. Muna fitowa, maƙwabciyarmu Ladidi mai ƙosai ta saki matsamin mai ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Hajiya, wa muka rasa?"

"Ba kowa, Ladidi. Ni ce ke da dajin mama, ana yi mini magani. Ga ni kuma a kan ƙafata. Kula da ƙosanki, yana ƙonewa."

Haka ta yi ta faɗa, ƙofa bayan ƙofa, har muka isa wurin taron. Ba ta kai ƙarshen tattakin ba. A hanya ta zauna a bencin wani mai shayi tana haki, tana dariya, wai ni da na zaga duniya na fi ta nishi. Sannu ba ta hana zuwa, kuma ita inda ta nufa ta riga ta isa.

Bayan kwanaki Ladidi ta shigo gidan, ta ja Binta ɗaki, ta sauke mayafi ta nuna mata ƙullin da take ɓoyewa. Binta ce ta raka ta asibiti. Jiya ma a wurin Ladidin na sayi ƙosai, ta yi mini gyara kamar kullum.

Binta ta ƙara 'yan shekaru masu daɗi, ta aurar da autarta, sannan Allah ya karɓi abarsa. Da za ta ga yau, na san za ta yi faɗa a kan tsadar magani da masu jinkiri har yanzu. Amma da ta ga Ladidi tana kora matan lungu zuwa gwaji, da ta yi murmushin nan nata na gefen baki.

Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta. Ba ta tona asirin kowa ba, nata ta buɗe. Tun daga ranar, a lungunmu ana kiran ciwon da sunansa, kuma mata suna kai shi wa likita tun suna tafiya da ƙafarsu.