Duniyar da Na Cura da Furar Kakata

Shekaranjiya na buɗe wani kwano da aka manta a bayan randa. Tsamin furar da ta kwana uku ya doki hancina, sai ga ni a aji uku na sakandare, nan Daura, cikin tsakiyar bazara.

Malamin lissafinmu ne ya ce faɗin duniya bai kai ninki huɗu na faɗin wata ba, amma cikinta zai haɗiye wata kusan hamsin. Ya cika allo da lissafi, muka ƙi yarda. Ina huɗu, ina hamsin? Sai ya ce kowace ta gwada da yumɓu, ta kawo ranar Alhamis.

Ni kuwa ƙyamar yumɓun bakin kududdufi nake yi, don a nan jakuna ke fitsari. Na nufi kakata, wadda ke cura mana fura, na faɗa mata aikin da aka ba mu. A shekarar gero ya yi ƙasa a rumbu, da gwangwani take auna wa kowa rabonsa. Ta ce, "Ke ja'ira, wannan ai ba sai an je boko ba. Curin da ya ninka ɗan'uwansa faɗi, takwas yake ci." Ta dai ba ni furar, da sharaɗin in dawo da ita a dama a sha.

Na mulmula ƙanana hamsin kamar ƙwan kurciya, na ware ɗaya, na cure sauran wuri guda. Na auna da tsinken tsintsiya. Subhanallahi, bai kai huɗun ba!

Alhamis malam bai zo ba. Shugabar aji ta tattara ayyukan ta kulle a kabad, ni kuma kunya ta hana ni cewa nawa abinci ne. Juma'a ma shiru. Sai Litinin aka buɗe.

Kada Allah ya nuna muku. Duniyar tawa ta tsage, ta yi funfuna koriya, wani ruwa mai yauƙi na tsiyaya, tsutsotsi fari fat suna motsi a cikin tsagar. 'Yan aji suka toshe hanci da mayafi, wata ta fita tana kakarin amai. Malam ya miƙo rula daga nesa ya gwada. "Madalla, goma bisa goma. Fitar mana da ƙazantar nan."

Ban iya zuba ta a bola ba, na kai ta gida. Kakata ta karɓi kwanon. Ta haƙa rami a bayan ɗaki, ta binne tana istigfari. Da yamma mahaifiyata ta ja ni gefe ta ce rabon tsohuwar na kwana biyu ne ta ba ni, shi ya sa kakar tawa ta ce wa kowa azumin nafila take yi.

Yau 'yata a waya take duba girman rana da taurari, ko ƙwayar hatsi ba ta taɓawa, kuma na gode wa Allah. Tsutsotsin nan na daɗe da yafe musu, abincinsu suka samu. Makin nan goma ne har yau in na tuna zuciyata ke tashi.