Rabin Gonar da Na Share

A wajenmu, can gefen Gangara, mutuncin manomi yana ga sharar gonarsa. Kafin ruwa ya sauka sai an sassabe komai, an ƙone, gona ta fito fes kamar tsakar gida. Wanda ya bar kututture yana toho, rago ne, ba wani suna.

Shi ya sa raina ya ɓaci shekarar da na dawo daga cirani na tarar da gonar babana cike da tohon sabara da kalgo. Ashe wani malamin gona ne gwamnati ta turo daga Gazawa, yana yawo a moto, wato babur, ƙauye ƙauye, yana roƙon mutane su bar sare itace tun daga tushe, su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi su raina. Baba ya ji maganarsa. Ranar kasuwa abokaina suka yi ta tsokanata, wai ko kura muke shirin kiwo.

Gonar nan ita kaɗai ta rage mana, kuma irin geron da ke rumbu na shuka ɗaya ne tak. Baba ya riga ya faɗa, in ta sake ƙi, sai dai a sayar. Duk da haka kunyar mutane ta fi damuna. Na ɗauki gatari ba da saninsa ba, na share gefen gabas kaf kafin ya iso.

Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, sarkin noma, wanga rabi naka na. Ka bar mini nawa da ƙazantata."

Ruwa ya sauka, muka yi shuka. Gero ya fito ke nan iska ta taso, irin mai tafe da yashi kafin hadari. Da na je dubawa na ga yashi ya binne rabina, ko ganye ɗaya babu. A nasa rabin kuwa, waɗannan 'yan rassan da na raina sun tare yashin, shukarsa tana nan tsaye. Na zauna a ƙasa na yi kuka, da gemuna da komai.

Abin da rabin Baba ya bayar shi muka ci har wata damina, da ƙyar, amma ba a sayar da gonar ba. Malamin nan ko ruwa ban taɓa ba shi ba. Daga baya na je buronsu, ofishin malaman gona, don in yi godiya, aka ce an canza masa gari. Ina yi masa addu'a duk inda yake.

Baba ya rasu, gonar tana hannuna. Yanzu matata ba ta zuwa nesa neman itacen girki, awaki ma suna samun ganye. Amma duk wanda ya shigo zai ga itatuwan yamma sun ɗara na gabas tsawo. Baƙo in ya tambayi dalili, nakan ce masa manyan na babana ne, ƙananan nawa.