Katangar da Ta Girmi Magininta

Siddo mai gishiri mutum ne da Allah ya hore wa baki. Tun yana saurayi yake ɗoro gishirin Foga a bayan jakuna zuwa Gaya, ya haye kogi da shi zuwa Dahome, kuma ko gishirin ya sha ƙasa zai rantse maka irinsa ake zuba wa sarakuna a miya. Gidansu na tsohuwar unguwa, inda ba a auna mutum da girman rumbunsa sai da daɗewar gidansu. Wanda kakanninsa suka riga zuwa shi ke hawa tabarmar gaba ranar suna, shi ake fara miƙa wa goro. Saboda haka babu baƙo ko ɗaya a unguwar. Kowa ka tambaya, kakansa ne ya sare dajin.

Gaskiyar magana, mahaifin Siddo, marigayi Tanko, daga Yelu ya zo a shekarar fara, shi da matarsa Kadija da Siddo a goye. Ya gina zaure da doguwar katanga mai zane, sannan ya ƙare rayuwarsa yana tsufar da ita da baki, har ya samu gefen tabarmar gaba. Dattawa sun san komai, amma da yake kowa na da irin tasa katangar, sai aka rufa wa juna asiri.

Ana nan, shekaru kaɗan kafin Faransawa su tattara nasu ya nasu, wani Bature mai tara tarihi ya iso gari, Alassan tafinta na biye da shi. Ya tsaya gaban katangar, ya tambayi Siddo shekarunta. Da su biyu ne kawai, wataƙila da Siddo ya yi sassauci. Amma rabin unguwa na tsaye, sai ya gyara murya ya ce shekara ɗari uku, kuma ramukan da ke jikinta tabon kibau ne na wani tsohon yaƙi. Ramukan nan kuwa gurbin turakun da Tanko ke rataye igiyar jakuna ne. Dattawa suka gyaɗa kai, Bature ya rubuta, ya ɗauki hoto. Siddo ya yi wata guda ba ya gaisawa da ƙananan mutane.

Da damina ta ƙarato, bukkar da Kadija ke kwana ta gama lalacewa, ga tsohuwa da tari mai sarƙe numfashi. Siddo ya yi tubali, ya sayo kwano, da niyyar ya fasa gefen katanga ya tayar mata da ɗaki, don gidan ba shi da wani filin. Bai yi sara uku da diga ba sai ga gardi, ɗan sandan Faransawa, da takarda. Katangar ta shiga littafin gwamnati. Ba a taɓa ta, ba a gini kusa da ita, sai da izinin kumandan, Baturen da ke mulkin garin.

Nan Siddo ya san ƙofar biro, wato ofishin kumandan. Aka ce ya kawo zanen ɗakin. Ya kawo, aka ce babu hatimi. Ya samo hatimi, aka ce takardar sai ta je Doso, mutanen Doso kuma suka ga abin ya fi ƙarfinsu, suka tura Yamai. Gwamnatin da ba ta taɓa tambayar ko Kadija ta karya kumallo ba, sau biyu tana aiko gardi ya duba lafiyar katanga. Ruwan farko ya sauka, tubalin ya koma laka, tsohuwa ta koma zama da ƙwarya biyu tana tarbar yoyo.

Alassan ne ya ja shi gefe ya gaya masa cewa takardar nan ba za ta dawo bana ba, baɗi ma sai wani ikon Allah. Hanya ɗaya ce: a tabbatar katangar ba tsohuwa ba ce. Da yake kuma gaban dattawa aka rubuta, gabansu za a warware.

Siddo ya yi kwana biyu bai iya cin tuwo ba. Yana son wurin zamansa a tabarmar gaba, babu ƙarya. Amma yana son uwarsa fiye da haka, kuma duk tarin da ta yi a ƙirjinsa yake jin shi. Bai shawarce ta ba, don ya san amsarta.

Ranar da aka sa, da hantsi, ya tsaya gaban kumandan, dattawa na zaune a inuwa.

"Mushe, katangar nan ba ta kai shekara talatin ba," in ji shi, da irin kiran girmamawar da ake yi wa Faransawa. "Ubana ya gina ta. Daga Yelu munka zo."

Alassan ya fassara. Kumandan ya yi dariya har ya share ido, ya jawo takarda ya sa hannu. Abin da ya gagari Doso da Yamai wata uku bai ɗauki lokacin tauna ɓarin goro ba. Dattawa dai babu wanda ya yi dariya. Mai unguwa, wanda shi da kansa ya taya Tanko ɗora azara, ya girgiza kai cikin mamaki ya ce ashe. A taron sunan da ya biyo baya, sai da goro ya gama zagaye kowa sannan ya iso ga Siddo.

Ya haɗiye wulaƙancin. Ya sake tubali tsakanin ruwa da ruwa, ya fasa katanga, ya tayar da ɗaki da hannunsa, mai taga biyu da rufin kwano, ya yi daɓe, ya shimfiɗa sabuwar tabarma. Sannan ya je ya durƙusa a ƙofar bukka ya ce, "Inna, ɗakinki ya ƙare, ki taso."

Kadija ba ta ɗago ba. Labarin biro ya riga ya iso mata tun ranar, ta bakin masu zuwa jaje.

"Ni na ɗebo ruwan da anka kwaɓa ƙasar katangar nan," ta ce. "Na san shekarunta, ba sai kumandan ya gaya mini ba. Ubanka ya mutu ɗan gari, kai ka bi shi har kabari ka maishe shi baƙo."

"Inna, tarinki ne ya hana ni sakat."

"Tari nawa ne, ni ka yin shi. Sunan nashi ne, ba ka tambaye shi ba."

Ya roƙa, ya turo limami, ya turo ƙawayenta, ta ce ita kwano na hana ta barci. Abin da ta yarda da shi kawai a sake wa bukkar ciyawa. Damina biyu ta ƙara yi a cikinta, taki goma daga sabon ɗakin, kuma daga cikin bukkar aka fito da gawarta.