Baba Sale Kafinta da Wasan da Ban Je Mun Buga Ba

Ina zaune a ɗakin karatu na jami'a a Malesiya, la'asar ta kawo jiki, sai wayata ta yi ƙara. Nuhu ne daga Birnin Gwari, babban ɗan Baba Sale Kafinta. Bai tsawaita gaisuwa ba. Ya ce, "Habibu, sai haƙuri. Baba ya cika da asuba, yanzu muka dawo daga maƙabarta." Na ce daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, na fita waje na tsaya. A duk ginin nan babu wanda ya taɓa jin sunan garinmu, balle ya miƙo mini hannu ya yi mini ta'aziyya.

Baba Sale ba mahaifina ba ne, maƙwabcinmu ne, amma a gabansa na girma. Ƙofofi da bencin makaranta su ne sana'arsa. Wata rana ya je Kaduna ya ga teburin sinuka, ya auna shi da igiya, ya dawo ya haɗa nasa da katakon maɗaci, a zamanin da mutum yake shiga daji ya fito lafiya. Ya shimfiɗa masa koren ƙyalle ya kafa shi a rumfar shagonsa. Dattawa suka yi ta yi masa tsiya, wai da furfurarsa ya buɗe wa zauna-gari-banza majalisa. Shi kuwa bai kula su ba. A rumfarsa ba a caca, ba a zagi, kuma da an kira salla sai a jingine sanduna ko da baƙar ƙwallo ce kaɗai ta rage.

Dokar wasanmu sananniya ce. Idan abokin karawarka ya yi kuskure, kana da bugu biyu a jere. Amma a lokacin hanya tana cike da motoci, direbobi da 'yan kasuwa suna yada zango, kuma duk baƙon da ya ɗauki sanda sai Baba ya tambaye shi, "A wajenku yaya ake yi?" Yadda baƙon ya faɗa, haka za a buga. Ni kuwa Allah Ya yi ni da saurin fushi da ƙin a cinye ni. Ranar da wani direba ya cinye ni da dokar garinsu na ce wannan ai zalunci ne, tebur namu, gari namu. Baba ya ci gaba da goga alli a bakin sandarsa, ya ce, "Wanda ya baro gidansa ya riga ya rasa abubuwa da yawa. Kada mu ƙara masa da wasa."

Daga baya daji ya lalace. Motoci suka ragu, abokanmu na Damari da Kazage suka daina zuwa, wasu sun yi hijira, wasu har yau ba mu ji ɗuriyarsu ba. Baba ya kwance ƙafafun teburin ya jingine shi a bangon shago. Na yi shekaru ban taɓa sanda ba. Na mayar da iyalina Kaduna, daga nan na samu gurbin ƙaro karatu na taho nan.

Kaɗaici ne ya mayar da ni wasan. Wata huɗu na yi ba wanda ya kira sunana daidai. A ƙasan ginin da nake kwana akwai teburin ɗalibai, ranar wata Asabar na shiga layi. Abokin karawata ya yi kuskure, na buga ban ci ba, na sake sunkuyawa zan buga na biyu kamar yadda na saba. Sai ya riƙe mini sanda, sauran suka fashe da dariya, wani ya ce da Turanci ina maguɗi. Ashe su ba su san bugu biyu ba. A wajensu ɗaukar farar ƙwallo ake yi da hannu a ajiye inda ake so, kuma sai ka faɗi ramin da kake nufi kafin ka buga. Na jefar da sandar na fita. Kunyar da na ji ranar ta fi ƙarfin wasa.

Na kira Baba ina huci. Ya saurara har na gama, ya ce, "To kai ka tambaye su yadda suke yi?"

Na ce, "Baba, ai ni ne baƙo. Su ya kamata su tambaye ni."

Ya yi dariya har da tari. "Malam Habibu sarkin zuciya. Ka zaci kowane gari da Sale Kafinta a cikinsa? Koma ka ba su haƙuri, ka ce su koya maka. Idan ka iya, ka kira ni ka karanta mini."

Na koma ina jan ƙafa, na ba su haƙuri, suka koya mini. Su ne mutanen farko da suka zama abokaina a ƙasar nan. Na kira Baba na karanta masa dokokin ɗaya bayan ɗaya, yana cewa in dakata ya rubuta. A ƙarshe ya ce, "Yanzu kai ma baƙo ne. Idan ka zo hutu, da dokar wajenku za mu buga." Na ce in sha Allahu, na yi masa alkawari.

Na zo hutun. Mako uku na yi a Kaduna. Sau biyu ina zuwa tasha, in ji labarin abin da ya faru a hanya, in juya gida. Tsoro ne, ba zan sa masa wani suna ba. Da na kira shi ina kame-kame sai ya katse ni, ya ce, "Ka yi daidai. Kada ka shigo hanyar nan saboda ni, 'ya'yanka ƙanana ne." Muryarsa ba ta nuna komai ba, ni ma na yarda don haka nake so in ji.

Sai bayan addu'ar uku Nuhu ya faɗa mini sauran. Tun ranar da na karanta wa Baba dokokin ya sa aka mayar wa teburin ƙafafunsa. 'Yan tsirarun da suka rage a unguwa suka gwada sau ɗaya suka ce wannan ba sinuka ba ce, suka watse. Wata bakwai Baba yana bugawa shi kaɗai bayan la'asar, yana nuna rami da sanda yana faɗin sunansa da ƙarfi a rumfar da ba kowa, wai kada in zo in same shi bai iya ba.

Ya Allah, ga bawanKa Salihu ya zo maKa baƙo. Ka karɓe shi da rahama, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa. Ka ba matarsa Inna Hajara da Nuhu da ƙannensa haƙurin rashinsa. Ka dawo mana da zaman lafiya a garinmu da dajinmu, Ka buɗe mana hanya, ko na samu in je in tsaya a kan kabarinsa in ba shi haƙuri. Amin.