Rakiyar Sa'adatu Zuwa Kwaleji

Daga Shinkafi

Ana idar da sallar asuba na fito da jakata da ƙunshin daddawa da garin kunu. Sa'adatu, ɗiyar ƙanena marigayi, ta samu gurbin karatu a wata kwaleji a Ƙauran Namoda. Uwarta Hadiza na fama da ciwon ƙafa, don haka rakiya ta faɗo kaina. Ni ban wuce firamare ba, atamfa nake sayarwa a gida, amma na daɗe da wata tambaya a raina: wai me ɗaliban nan ke yi da kuɗi, da wata bai raba ba sai su bugo waya su ce sun ƙare?

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Na yi ƙorafi, direba ya ce, "Hajiya, je ki tambayi gidan mai." A kowane shinge sojoji su leƙa, su ɗaga mana hannu. A Ƙaura na sauya mota, na isa Zurmi bayan azahar.

Zurmi

Hadiza ta yi mini tuwon dawa da miyar kuka. Muna ci take gaya mini tumakinta biyu ta sayar, dangi suka yi karo-karo, aka zuba duka a asusun Sa'adatu na banki. Kuɗin rajista da na ɗaki da na abinci duk suna cikin wayar yarinya mai shekara goma sha bakwai, wadda ba ta taɓa yi wa babba musu ba. Da safe Hadiza ta ce lallai mu tsaya Dauran, Sa'adatu ta yi wa kawunta Sani sallama.

A cikin mota

Kusa da mu wata budurwa ce mai suna Balkisu, tana shekarar ƙarshe a kwalejin. Na ce madalla, na samu mai amsa mini.

"Ɗiyata, mi ke cinye muku kuɗi?"

Ta yi dariya. "Gwaggo, ba babban abu ba ne. Data ce, da kwafin takardu, da hawan mashin inda ƙafa za ta kai ka. Kuma duk cirar kuɗin da ka yi wurin mai na'ura, sai ya yanki nashi."

Ta juya ga Sa'adatu ta ce yau ɗin nan ta biya rajista da ɗaki kafin ta sayi ko cokali. Hatsi ta saye shi da tiya a kasuwa, ta dafa da kanta. Ta riƙa cirar na mako guda kawai. Duk wanda ya ce ta kawo kuɗi ya ninka mata a waya, ta toshe lambarsa.

Na ce, "To ke wanne ya taɓa kayar da ke?"

"Kunya. Ƙawa ta ce ranta mini, ko a fitar da anko, in kasa cewa babu. Shekarata ta farko, gari da ƙuli na yi ta ci har jarrabawa."

Sa'adatu na ta murza bakin hijabinta.

Dauran

Muka sauka, Balkisu ta wuce. Sani ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura. Ya sa wa yarinya albarka, sannan ya gyara zama.

"Sa'ade, na ji kuɗin suna hannunki. Injin ban-ruwana ya lalace, albasa na bushewa. Ranta mini rabi, ranar kasuwar Shinkafi in mayar miki."

Na san ba ƙarya yake ba, na kuma san albasa ba ta da alkawari. Na buɗe baki, sai na tuna gobe ba na nan, na rufe shi. Ina son in ji abin da za ta ce.

Sa'adatu ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Kawu, ka yi mini aikin gafara. Kuɗin ga ba nawa ba ne, tumakin Inna ne. In ban biya rajista ba cikin makon ga, gurbin ya tafi. Ba zan iya ba."

Sani ya dube ni, na dubi ƙwaryar fura. Ya tashi ya shige gida ba ko sallama. Muka taka zuwa bakin titi, tana share hawaye. "Gwaggo, na yi rashin kunya?" Na ce ban ji ko ɗaya ba.

Mota ta tsaya, muna shiga sai ga shi a kan mashin da ƙullin wake. Ya jefa a but, ya ce wa direba, "Na ɗalibar ne," ya juya.

Ƙauran Namoda

Kafin la'asar ta biya rajista da ɗaki. Su huɗu ne a ciki. Na bi ta kasuwa ina kallo: ta ɗauki wata tukunya mai kyalli, ta ji farashi, ta ajiye, ta ɗauki ta dalma. Risho kuwa suka shirya da wata 'yar ɗakinsu, 'yar garin Ɗan Isa, su saya tare. Na kwana gidan wata abokiyar cinikina a cikin gari.

Komawa gida

Da hantsi na kama hanya, na shiga Shinkafi ana kiran azahar. Ko mayafi ban cire ba Hadiza ta bugo. Ashe Sani ya riga ni ba ta labari.

"Fushi yake?" na tambaya.

"Da farko. Ya samu injin aro wurin maƙwabcinsa. Cewa ya yi, ashe ɗiyata ta girma ban gaya mishi ba."

Na zauna a bakin gado na yi wa Allah godiya da ya kai mu lafiya ya dawo da ni lafiya. Balkisu kuma, duk inda take, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa.